Auna kitsen hanta cikin numfashi guda: Ina rabon mutanen Wudil?

A manyan asibitocin Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya, likitoci na iya auna yawan kitsen da ke cikin hantar mutum a cikin daƙiƙa 15 zuwa 20, wato gwargwadon lokacin da baligi zai iya riƙe numfashinsa, ba tare da an soka masa allura ko an ciro tsoka daga jikinsa ba.

Ana yin wannan awo ne da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI. Masu bincike kuma na ci gaba da neman hanyoyin rage lokacin, har ma da hanyar da mara lafiya ba sai ya riƙe numfashin ba.

To sai dai ga mazaunin gari irin Wudil a jihar Kano, wannan ci gaba ya taso da tambayoyi biyu. Shin ciwon da ake aunawa ya shafe shi? Idan kuwa ya shafe shi, shin saurin na'urar zai kusanto masa da ita, ko kuwa zai zama hangen Dala ne, wanda Hausawa ke cewa ba shiga birni ba?

Ciwon da ba ya sallama

Hanta ita ce gaɓa mafi girma a cikin cikin ɗan Adam, nauyinta a jikin baligi kan kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ita ke sarrafa abincin da aka ci, ta adana sukari, ta tace guba, ta kuma samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni.

Idan kitse ya wuce kashi 5 cikin ɗari a cikinta, likitoci kan ce hantar ta yi kitse. Galibi mutum ba ya jin komai. Yakan shafe shekaru yana harkokinsa, yana zuwa kasuwa da gona da ofis, ba ciwo ba zazzaɓi.

A jikin wasu daga cikin masu wannan lalura, kitsen kan jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya taru har hantar ta taurare ta ƙanƙance. A nan ne ake fara ganin shawara, da kumburin ciki, da aman jini, wani lokacin ma da ciwon daji. Yawancin waɗanda suka kai wannan mataki, magani ba ya mayar da su yadda suke.

A shekarar 1980 ne likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka bayyana wannan ciwo a jikin mutanen da ba sa shan barasa, amma hantarsu ta yi kama da ta mashaya. Daga nan aka riƙa kiransa ciwon kitsen hanta da ba na barasa ba. A watan Yunin 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na duniya suka sauya sunan zuwa MASLD, domin a danganta shi da ainihin tushensa, wato ƙiba, da ciwon sukari, da hawan jini, da yawan maiƙo a jini.

Wannan batu na da muhimmanci a arewacin Najeriya, inda jama'a da dama ke ɗaukar lalacewar hanta a matsayin ciwon mashaya. Mutumin da bai taɓa kai barasa bakinsa ba, ba ya tunanin yana cikin haɗari, alhali kuwa teɓa da ciwon sukari sun isa su kai hanta inda barasa ke kai ta.

Ƙiyasin baya-bayan nan ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na baligan duniya na ɗauke da kitse a hanta. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya sanya nahiyar Afirka a ƙasa, da kimanin kashi 13 da rabi cikin ɗari, ko da yake nazarin ya dogara ne a kan bincike ƙalilan daga nahiyar. Wani binciken da aka yi a Legas aka wallafa a 2011 ya sami kimanin kashi 9 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka duba da na'urar hoton ciki.

Yadda maganaɗisu ke rarrabe ruwa da kitse

Jikin mutum cike yake da sinadarin haidurojin, a cikin ruwa da kuma cikin kitse. Idan aka sanya mutum a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, aka aika masa da igiyar rediyo, ƙwayoyin wannan sinadari kan amsa da nasu sautin, na'urar kuma ta kama shi ta mayar da shi hoto. Wannan ne aikin da ya sa aka bai wa Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Birtaniya lambar yabo ta Nobel a 2003.

Abin da ya sa ake iya auna kitse shi ne, haidurojin ɗin da ke cikin ruwa da wanda ke cikin kitse ba sa kaɗawa da sauri iri ɗaya. A na'ura mai ƙarfin Tesla 1.5, dukkansu na kaɗawa kimanin sau miliyan 64 a daƙiƙa guda, amma na ruwa ya ɗara na kitse da kimanin sau 220.

Za a iya kwatanta abin da mata biyu da ke daka a turmi guda, ɗaya ta ɗan fi ɗayar saurin hannu. Wani lokaci taɓarensu su sauka tare, wani lokaci kuma su yi lugude, wannan na sauka wancan na tashi. Mai sauraro da kyau zai iya gane ƙarfin kowane hannu daga yadda sautin ke sauyawa.

A 1984 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Thomas Dixon, ya nuna cewa idan aka ɗauki hoto biyu, ɗaya lokacin da ruwa da kitse suka sauka tare, ɗaya lokacin da suka saɓa, to da lissafin tarawa da ɗebewa za a iya fitar da hoton ruwa daban, na kitse daban.

Hanyar ta farko tana da naƙasu, domin sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da kuma rashin daidaiton maganaɗisun kan gurɓata sakamakon. A shekarun 2000 masu bincike, musamman a jami'o'in Wiskonsin da Kalifoniya, suka gyara ta. Yanzu na'urar kan saurari sautin kimanin sau shida a jere, ta cire tasirin ƙarfen, sannan ta ba da taswirar hanta baki ɗaya, kowane sashe da adadin kitsensa cikin ɗari.

Kafin wannan, hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce a soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari a ciro ɗan ƙanƙanin yanki na hanta. Yankin da ake cirowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba, ga zafi, ga kuma haɗarin zubar jini. Ba abu ba ne da za a riƙa maimaita wa mutum duk bayan wata shida.

Ita kuwa na'urar hoton ciki mai aiki da sauti, wadda jama'a ke kira sikanin, kuma ake samu a asibitoci da dama a jihar Kano, tana da sauƙin kuɗi amma ba ta cika gano kitse ba sai ya yi yawa. Ba ta kuma ba da adadi, sai dai mai dubawa ya ce kaɗan ne, ko matsakaici, ko mai yawa, abin da kan bambanta daga ido zuwa ido.

Daga ina saurin ya samo asali?

Babbar matsalar ɗaukar hoton hanta ita ce motsi. Hanta na zaune ne a ƙarƙashin huhu, duk numfashin da aka ja sai ta sauka ta hau. Hoton da aka ɗauka tana motsi kan fito dishi-dishi, lissafin kitsen kuma ya karkace.

Wani babban mataki na magance wannan ya fito ne daga birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1999, inda aka ƙirƙiro wata hanya ta amfani da kunnuwan na'ura da yawa su saurara a lokaci guda, kowane daga nasa ɓangaren. Hakan ya rage lokacin da rabi ko fiye.

A 2007 masu bincike a jami'ar Stanford suka nuna cewa ba lallai ne a tattara dukkan bayanan hoto ba. Ana iya tsintar wani kaso daga nan da can, sai kwamfuta ta cike giɓin da lissafi, kamar yadda gwanin karatu kan gane jimla ko da an goge wasu haruffanta.

Daga baya fasahar ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A 2018 kamfanin Facebook da asibitin jami'ar New York suka fara wani shiri na koya wa kwamfuta sake gina hoto daga bayanai ƙalilan. A 2020 suka bayar da rahoton cewa hotunan gwiwa da aka gina daga kashi ɗaya cikin huɗu na bayanan da aka saba tattarawa sun wadatar da likitoci kamar cikakkun hotuna. Manyan kamfanonin ƙera na'urar, irin su GE da Siemens da Philips, yanzu suna sayar da manhajoji masu irin wannan aiki.

Mataki na baya-bayan nan shi ne ɗaukar hoton alhali mutum na numfashi yadda ya saba. Wasu na yin haka ta hanyar tattara bayanan a zagaye kamar siraran ƙarafan wilin keke, abin da ke rage illar motsi. Wasu kuma na ɗaukar hantar yanki-yanki, kowane cikin ɗan lokacin da bai isa numfashi ya ɓata shi ba.

Amfanin wannan a bayyane yake. Ƙananan yara, da tsofaffi, da masu ciwon huhu ko zuciya, da masu tsananin ƙiba, su ne suka fi kasa riƙe numfashi, kuma da yawansu su ne suka fi buƙatar awon.

Wudil da lissafin nisa

Wudil na da tazarar kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar fiye da mutum 185,000. Gari ne na masunta da manoman rani a gaɓar kogi, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a wadda fatake ke zuwa daga nesa. A nan ne kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar take, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta ƙasa.

Wato dai gari ne da ya haɗa rayuwa iri biyu. Akwai mai wuni a cikin kwalekwale ko a fadama, akwai kuma malamin jami'a da ma'aikaci da dillali, waɗanda ke wuni a zaune, abincinsu shinkafa da taliya da burodi, abin shansu lemon kwalba da shayi mai sukari.

Duk wanda likita ya rubuta wa hoton MRI a wannan yanki, daga Wudil ko Gaya ko Garko ko Sumaila, galibi birnin Kano zai nufa, ko dai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, inda a 2020 hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA ta buɗe wata cibiyar gwaje-gwaje ta zamani, ko kuma cibiyoyi masu zaman kansu.

Ƙarancin na'urar ba na Kano kaɗai ba ne. Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, ya ƙirga na'urori 84 a duk faɗin Afirka ta Yamma, ga jama'a fiye da miliyan 370. Guda 58 daga cikinsu a Najeriya suke, wato ƙasa da na'ura ɗaya ga kowane mutum miliyan uku. A Japan akwai fiye da 50 ga kowane miliyan guda. Adadin na Najeriya ya ƙaru tun daga lokacin, amma tazarar na nan.

A nan ne masu goyon bayan sabuwar fasahar ke kafa hujja. Idan na'ura na aiki awa 10 a rana, kowane mara lafiya na cin minti 40, mutum 15 za ta duba. Idan aka taƙaita aikin zuwa awon hanta kawai, shiga da fita da komai minti 15, za ta duba mutum 40. Kuɗin wuta da albashi da gyara kuwa kusan ɗaya ne, saboda haka abin da zai faɗa kan kowane mutum zai iya raguwa ƙwarai.

Abin da sauri ba zai magance ba

To amma lissafin takarda daban, na asibiti daban. Binciken na 2018 ya gano cewa 45 daga cikin na'urori 58 na Najeriya masu ƙaramin maganaɗisu ne. A irin waɗannan, tazarar da ke tsakanin kaɗawar ruwa da ta kitse kan ƙanƙance, sautin ma ya yi rauni. Hanyoyin awon da aka tabbatar da ingancinsu an gina su ne a kan na'urori masu ƙarfin Tesla 1.5 da Tesla 3. Ko a waɗannan ma, manhajar auna kitse galibi saye ake yi daban, da kuɗin waje.

Sai kuma wutar lantarki. Babbar na'ura na buƙatar a ajiye maganaɗisunta cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma injin sanyaya shi ba ya hutawa dare da rana, ko akwai mara lafiya ko babu. Idan wuta ta daɗe a ɗauke, iskar na iya tsiyayewa, sake cika ta kuma sai an shigo da ita daga ƙetare.

A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 a kowane ma'auni, wato ya ninka fiye da sau uku, abin da ya sa asibitocin koyarwa da dama suka koka. A watan Oktoban wannan shekarar kuma yawancin jihohin arewa, ciki har da Kano, suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ƙara tsadar kayan gyara da kuɗin injiniyoyin da ake ɗaukowa.

Kamfanonin ƙera na'urar sun fara amsa wannan kuka. Philips ya fitar da samfurin da ke buƙatar lita 7 kacal ta hiliyam a rufe, maimakon kimanin lita 1,500 da aka saba. Siemens na da wani mai ƙarfin Tesla 0.55 da ke amfani da ƙasa da lita ɗaya, kuma masu bincike na gwada auna kitsen hanta da shi. Amma har yanzu waɗannan kaya ne na manyan asibitoci.

Bugu da ƙari, akwai aljihun mara lafiya. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 wadda ta wajabta shiga tsarin, da kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mutumin da ba ya jin ciwo a jikinsa, da wuya ya bar cefanen gida ya je ya biya kuɗin hoton da zai gaya masa adadin kitse.

Akwai kuma iyakar awon kansa. Yana faɗin yawan kitse, amma ba ya faɗin kumburi ko tabo, alhali tabon ne ke nuna wanda ke cikin haɗarin mutuwa. Hasali ma idan hanta ta gama taurarewa, kitsen kan ragu, ta yadda ƙaramin adadi zai iya yaudarar wanda bai ƙware ba. Auna tabo na buƙatar wani gwajin daban, na taurin hanta.

Hantar ɗan arewa da abokan gabarta

Duk wani sharhi kan hanta a jihar Kano da bai ambaci ciwon hanta nau'in B ba, bai kama hanya ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekaru 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar. Sai a 2004 aka shigar da allurar rigakafinta cikin jerin alluran yara, ma'ana akasarin waɗanda suka haura shekara 20 ba su same ta a yarinta ba.

Ga kuma gubar da rumar gyaɗa da masara ke haifarwa idan aka adana su da danshi, wadda ke ƙara haɗarin dajin hanta musamman ga mai ɗauke da nau'in B. A yankunan kogi da noman rani akwai tsutsar ruwa dangin ta tsargiya, wadda wani nau'inta ke yin illa ga hanta. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin sitiroyid, su ma suna tara kitse a hanta su tayar da sukari. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika a kasuwanni da sunan wankin hanta, ba wanda ya san abin da ke cikinsu.

Abin mamaki ma shi ne, yunwa kanta na sa hanta ta yi kitse. Tun shekarun 1930 likita Cicely Williams ta bayyana haka a jikin yara masu tamowa mai kumburi a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Saboda haka a gari guda ana iya samun attajiri mai teɓa da yaron talaka mai tamowa, kowanne da kitse a hanta, dalili ya bambanta.

Kitse dai ya zo ne ya tarar da waɗannan, ya ɗora nasa nauyin. Wannan ne ya sa a watan Maris na 2024, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idojin maganin nau'in B, ta sanya ciwon sukari da kitsen hanta cikin dalilan da za su sa a fara bai wa mai ɗauke da ƙwayar magani, ba tare da jiran wasu alamomin ba. A taƙaice, ga ɗan Wudil mai nau'in B, sanin ko hantarsa na da kitse na iya zama abin da zai yanke hukuncin fara shan magani.

Wata fa'idar da ta shafi arewa kai tsaye ita ce, hoton da ke auna kitse shi ne kuma ke auna sinadarin ƙarfe, a cikin numfashi guda. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu amosanin jini, inda aka ƙiyasta ana haihuwar kimanin jarirai 150,000 da ciwon a kowace shekara. Waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini daga cikinsu, ƙarfe kan taru a hantarsu ya lalata ta. Su yara ne galibi, wato waɗanda awo mai sauri ba tare da riƙe numfashi ba zai fi amfana.

Magani ya fito, amma na wa?

Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa kamfanoni ke zuba kuɗi a wannan awo shi ne gwajin magunguna. A watan Maris na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na wannan ciwo, mai suna Rezdiffra, wanda a gwaje-gwajensa na farko aka yi amfani da awon MRI wajen ganin ko kitse ya ragu. An sa masa farashin dala 47,400 a shekara. A watan Agustan 2025 kuma aka amince da allurar rage ƙiba ta Wegovy ga masu tabo a hanta.

Irin wannan farashi ya fi ƙarfin kusan kowa a Najeriya. Amma maganin da ya fi daɗewa da tabbata ba a sayar da shi a kantin magani. Bincike ya nuna cewa rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin jiki na rage kitsen, rage kashi 7 zuwa 10 kuma na iya kwantar da kumburi, ya sassauta tabo. Ga mai kilo 90, ana maganar kilo 6 zuwa 9 ke nan, ta hanyar rage sukari da maiƙo da kuma tafiya a ƙasa.

Haka kuma abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ba hantar ba ce, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne. Don haka kula da hawan jini da sukari shi ne rabin aikin. Wani nazari da likitocin jami'ar Bayero ta Kano suka jagoranta a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a Najeriya da kusan kashi 6 cikin ɗari, arewa maso yamma kuma kashi 3. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, ƙungiyoyin lafiya sun daɗe suna cewa ya yi kaɗan ya sauya ɗabi'ar masu saye.

Hawa-hawa ake bi

Ko a ƙasashen da na'urar ta wadata, ba da ita ake farawa ba. Ƙa'idojin likitocin hanta na Amurka na 2023 da na Turai na 2024 sun ba da shawarar a fara da wani lissafi mai suna FIB-4, wanda ke buƙatar shekarun mutum da sakamakon gwajin jini uku da ɗakin gwaji na babban asibiti ke iya yi. Wanda makinsa ya gaza 1.3 haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya haura sai a tura shi gwajin taurin hanta da na'urar FibroScan, ƙirar Faransa, wadda akwai samfurinta da ake ɗauka a mota. Waɗanda lamarinsu ya rikice ne kaɗai ke isa ga MRI.

Wannan tsari ne da za a iya shimfiɗawa daga Wudil zuwa Kano. A cibiyoyin lafiya na matakin farko, a auna ƙugu da hawan jini da sukari, a gwada nau'in B, a yi wa jarirai allurarsa a ranar haihuwa. A babban asibitin gari, a yi gwajin jini da hoton ciki ga duk mai ciwon sukari. Asibitin koyarwa kuma ya ware sa'o'i na gajeren awon hanta ga waɗanda aka tace aka turo.

Akwai kuma aikin masu bincike. Ma'aunin kashi 5 da ɗoriya da ake amfani da shi ya samo asali ne daga wani bincike a birnin Dalas na Amurka, inda aka kuma lura cewa baƙaƙen fata ba su kai farare da 'yan asalin Latin Amurka yawan tara kitse a hanta ba, ko da ƙibarsu ta zo ɗaya. Birtaniya ta kammala ɗaukar hoton mutum 100,000 a 2025 domin irin wannan nazari. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma galibi da hotunan mutanen waɗancan ƙasashe aka koyar da su. Awo mai sauri ne zai ba likitocin Kano damar duba mutum dubbai su fitar da ma'aunin da ya dace da jama'arsu.

Ta fuskar injiniyanci kuwa, jami'ar Mbarara ta Yuganda ta nuna abin da zai yiwu a 2022, lokacin da ta haɗa ƙaramar na'urar MRI a harabarta cikin ƙasa da mako biyu, tare da masana daga Leiden ta Holan. Na'urar ta ɗaukar hoton kai ce, ba ta hanta ba, amma ta horar da mutanen da suka san cikin na'urar da hannunsu. Jami'ar da ke Wudil, wadda ke koyar da injiniyanci da ilimin kwamfuta, na da gurbi a irin wannan aiki, ko da kuwa ta fara ne da horar da masu gyara.

Ko sabuwar fasahar za ta amfani mutanen yankin, ya danganta ne da abubuwan da ba a cikin na'urar suke ba: wuta mai ɗorewa, da inshorar da za ta biya kuɗin hoton, da likitan da zai san wanda ya kamata ya tura. Kafin waɗannan su samu, gwajin nau'in B da na sukari da igiyar auna ƙugu na nan a kusa, kuma su ne za su fara nuna wanda ya kamata ya kama hanyar Kano.